Wai ƙwayar gero za ta iya kai shekara 3,000 a cikin ƙasa?

Manomin_Gezawa: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana na wannan zaure. Ɗan wana da ke jami'a ne ya ce min wai masu haƙar kufai sun tono ƙwayoyin gero a kudancin Kaduna, wuraren Nok, waɗanda suka haura shekara 3,000. Ni dai manomi ne ɗan manomi. Gero in ka sussuke shi ka zuba a buhu ba magani, kafin damina biyu ƙwari sun mayar da shi gari. In ƙasa ya faɗa kuwa, ko ya tsiro, ko tururuwa ta kwashe, ko gara ta cinye. To wane irin gero ne wannan da ya gagari gara shekara 3,000? Ko dai Turawa na faɗa mana abin da suka ga dama ne tunda ba mu da yadda za mu musa?

Sarkin_Gardama: Wa alaikumus salam. Baba ka gama magana. Kuɗin bincike suke nema, dole su ƙaro sifili.

Ɗan_Kufai: Wa alaikumus salam Baba. Ɗan wanka bai yi ƙarya ba, sai dai ya rage maka abu guda: geron da ake tonowa ƙonanne ne. Ɗanyen hatsi kam yadda ka faɗa haka yake, ba ya kai labari a ƙasarmu. Amma ƙwayar da ta faɗa gefen murhu, wuta ta gasa ta har ta zama gawayi ba ta kai ga zama toka ba, wannan ta fi ƙarfin gara da ƙwari, domin babu sauran abin ci a jikinta. Siffarta na nan, sai dai ta ɗan ƙanƙance ta yi baƙi ƙirin. Haka ake samun wake, da ƙwallon atile, da na ɗinya a kufan Nok. Duk abin da ya zo hannunmu, wanda ya zube ne ko ya ƙone ko aka share aka watsar a juji. Abincin da aka ci lafiya ya tafi abinsa.

Hajiyar_Fura: To ai ƙwayar gero ko a faifai sai ka sa ido. Ta yaya za a gan ta a cikin ƙasa, ga ta baƙa kuma?

Ɗan_Kufai: Hajiya ba da ido ake tsince ta ba, da ruwa ne, kuma aikin ya fi kama da na mata a tsakar gida fiye da na 'yan boko. Za a ɗebo ƙasa daga rami, bokiti guda ko biyu, a rubuta daga wane rami da wane zurfi ta fito. A zuba a ruwa a dama da hannu a hankali, kada a murje. Yashi da tsakuwa su nutse, gawayi shi kuma ya taso sama tunda ba shi da nauyi. Sai a tsiyaye ruwan saman ta cikin mataci mai ƙananan ido, wanda bai fi rabin milimita ba. A ƙara ruwa a sake damawa har sai baƙi ya daina tasowa. Abin da ya rage a matacin a ƙulle a ƙyalle a rataye a inuwa, don in rana ta buge shi da sauri farfashewa yake. Bayan ya bushe ne za a zauna gaban madubin ƙara girman abu da ɗan burushi, ana ware guntun itace gefe, ƙwaya gefe. Wannan zaman shi ne wahalar. Wani bokitin ƙwaya uku kacal zai ba ka, wani ko ɗaya babu, wani kuma in an dace da wurin da aka zubar da shara sai a sami ɗaruruwa.

Hajiyar_Fura: Ashe rege ne kawai ake yi da digiri. Da sun zo mun taya su.

Malam_Na_Tudu: Ƙari a kan maganar ajiya. @Manomin_Gezawa ka ce wanda aka sussuke, to nan ne matsalar. A Suratu Yusuf, aya ta 47, Annabi Yusuf (AS) ya ce abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci. Iyayenmu ma dami-dami suke jera gero a rumbu, ba tsaba ba, kuma yakan yi shekaru. Amma shekaru kaɗan ake magana, ba dubbai ba, don haka bayanin ƙonewar nan ya fi shiga hankali.

Sarkin_Gardama: Na ji ya ƙone. Shekarun fa? A jikin ƙwayar aka rubuta kwanan wata?

Injiniya_BK: Kusan haka ne, in ka iya karatun. Kowane tsiro yana shaƙar wani nau'in sinadarin kabon daga iska muddin yana raye, ana kiransa kabon 14. Ranar da aka girbe shi ya daina shaƙa, wanda ke jikinsa kuma ya fara raguwa da wani lissafi da ba ya canzawa: rabinsa na tafiya a duk shekara 5,730. In an auna abin da ya rage sai a san tsawon lokacin. Injinan yanzu ƙwaya ɗaya ko biyu sun ishe su. Kuma gero ya fi gawayin itace daɗin aunawa, saboda shi damina ɗaya yake rayuwa, bishiya kuwa tana iya yin shekara 200 kafin a sare ta a hura wuta.

Sarkin_Gardama: Injiniya duk wannan a ɗakin gwajinsu ake yi. Wa ya gani?

Injiniya_BK: Ba ɗaki ɗaya ba ne, kuma ba ƙasa ɗaya ba. An gwada hanyar a kan abubuwan da aka riga aka san shekarunsu, kamar zoben cikin kututturen bishiya da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Ba sa cewa shekara kaza daidai, tazara suke bayarwa, daga kaza zuwa kaza. Ka yarda da gwajin jini a asibiti ba tare da ka leƙa injin ba, ɗan'uwa.

Yar_Maginiya: Ni abin da ya ja hankalina daban ne. Na taɓa jin cewa har a jikin tukwane ana ganin hatsin. Kakata maginiyar tukwane ce, Allah ya jiƙanta, kuma na ga tana haɗa yumɓu da ƙaiƙayi, wani lokaci da busasshen kashin jaki da aka daka, wai don kada tukunya ta tsage a wuta. In ka fasa irin tukunyar nan ka duba bakin tsingaron za ka ga 'yan ramuka siri-siri inda ƙaiƙayin ya ƙone ya bar gurbinsa. Shi ne abin da suke dubawa?

Ɗan_Kufai: Shi ne sak, Yaya, Allah ya jiƙan Kaka. Mafi tsufan shaidar noman gero ma ta irin wannan hanya aka fi samunta. A kwarin Tilemsi da ke arewa da Gawo a ƙasar Mali, an sami tsingaro masu tambarin ƙaiƙayin geron gida da suka kai shekara 4,500. A Dhar Tichitt ta Muritaniya ma akwai, ko da yake bai kai wancan tsufa ba. A nan gida kuma akwai Gajiganna, arewa da Maiduguri, inda masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka yi aiki da na Jami'ar Maiduguri. Mutanen wurin makiyaya ne da suka zauna tun wajajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tukwanensu na farko babu geron gida a jiki. Daga baya aka fara ganin ƙaiƙayin ciyayin daji, sai wajajen 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) gero ya shigo, yana ƙaruwa har ya rinjayi na dajin. Wato kana iya bin yadda mutane suka koma noma ta hanyar sharar da matansu ke cuɗawa da yumɓu.

Bamaraɗe_227: Salamu alaikum. Ina da tambaya nan wurin. Ƙaƙa aka gane na gida da na daji? Mu nan Maraɗi muna da shibra cikin gonakin hatsi, kama take da hatsi sarai tana ƙarama, sai ta fidda kai kake gane ta. Kuma ba ta jiran girbi, da ta nuna sai ta kakkaɓe ɗiyanta ƙasa.

Ɗan_Kufai: Ka amsa tambayarka da kanka Malam. Wannan kakkaɓewar ita ce alamar. Na daji dole ya zubar da 'ya'yansa da kansa, in ba haka ba irinsa ya ƙare, don haka inda ƙwayar ta rabu da zangarniya sumul yake. Na gida kuwa yana riƙe da 'ya'yansa sai an sa taɓarya, kuma kowane ɗan gungu yana da ɗan siririn ƙara da ke karyewa wajen sussuka. Wannan karyayyen ƙaran ake nema a tambarin tukunya. Mutanen farko da suka riƙa yanke zangarniya suna ajiye iri, wanda bai zube ba shi ke isa gida, shi ake sake shukawa, a haka har ya zama geron da muka sani.

Bamaraɗe_227: To madalla. Batun cin ciyawar daji kuma ba sai an tona ƙasa ba. Tsofaffinmu na ba da labarin shekarun yunwa da aka riƙa sharo ƙarangiya ana dakawa ana fidda ƙwayar ciki a yi tuwo. Har yau akwai masu tuna ɗanɗanonta.

Abban_Khalifa: Ni fa a tunanina duk hatsin nan daga gabas aka kawo mana, ta hanyar Larabawa. Yanzu kuna cewa gero ɗan Mali ne?

Malama_Tarihi: Akasin haka ma aka yi, Abban Khalifa. Gero daga yammacin Sahara ya fita, lokacin tana da ruwa da ciyawa fiye da yanzu, ya bazu kudu da gabas. Ya isa arewacin Gana, wani wuri da ake kira Birimi, sama da shekara 3,500 da suka wuce, kuma kusan a wannan zamanin ya ƙetara teku har Indiya, wadda yau ta fi kowace ƙasa nomansa. Dawa ce 'yar gabas, amma gabashin Afirka: an ga tambarinta a tukwane kusa da Kasala a Sudan, kimanin shekara 5,000. Abin mamaki, ta daɗe ƙwarai kafin ta iso yammacin Afirka. A kufan Nok gero ake samu da wake, ba dawa ba. Alkama ita ce ta zo daga ƙetaren Sahara.

Na_Kasala: Mu Hausawan Sudan sai mu ce dawa ta fi ku sanin hanya, tunda ita ta taho yamma, kakanninmu kuma suka taho gabas neman aikin Hajji suka same ta a gidanta. Har yanzu yankin Gadarif da Kasala dawa ce abincin kowa.

Hajiyar_Fura: To masara fa? Kar ku ce ita ma baƙuwa ce, na tashi na tarar ana tuwonta.

Malama_Tarihi: Baƙuwa ce ta jiya-jiya Hajiya. Daga Meziko take, ba ta taka Afirka ba sai bayan 1492. Ita da gyaɗa da rogo da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suke. Shi ya sa in mai haƙa ya ga ƙonannen totuwar masara a rami, ya san wannan ƙasar ba ta wuce shekara 500 ba, ko kuma wani abu ya cakuɗa ta. Miyar kakannin kakanninmu babu tattasai babu attaruhu. Gujiya da wake da kuɓewa da kuka, waɗannan namu ne.

Sarkin_Gardama: Miya ba yaji? Lallai sun sha wahala.

Malam_Na_Tudu: Akwai masoro da kimba, ɗan'uwa, ba su jira kowa ba.

Manomin_Gezawa: Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Maganar gawayi na yarda da ita, don ko a gonata in na kai garma inda aka taɓa ƙona itace ina tono gawayi lafiyayye. Amma ga inda har yanzu nake da ja. Na san aikin gara da na ɓera da na tururuwa. Tururuwa na jan ƙwaya ta shige da ita rami mai zurfi. Wa ya tabbatar geron da aka samu a ƙasan ramin ba na wani manomi ba ne da ya ƙona karan gonarsa shekara 50 da suka wuce, ƙwari suka ja shi ƙasa?

Ɗan_Kufai: Baba wannan tambayar ita ce ke hana masu aikin barci. Yana faruwa sosai. An sha samun ƙwaya a ƙasan rami a yi murna, a kai gwaji a tarar ta kwanan nan ce. Shi ya sa yanzu ba a yarda a ce "an same ta kusa da tukunya mai shekara kaza, don haka ita ma shekarunta ke nan". Ita ƙwayar kanta ake aunawa. Geron Nok an auna shi kai tsaye daga wurare da dama, mafi tsufa ya kai wajajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na jikin tukunya kuma ya fi wannan tsaro, don tururuwa ba ta iya cusa ƙaiƙayi a cikin gasasshen yumɓu.

Matashin_Noma: Tambayata ɗaya: in an shuka zai fito? Ƙila irin da ya fi SOSAT, irin geron zamanin nan, jure fari.

Injiniya_BK: Gawayi za ka shuka? Wanda ya ƙone ya mutu. Wanda aka taɓa tsirarwa busasshe ne ba ƙonanne ba: ƙwallon dabino da aka tono a Masada kusa da Tekun Gishiri a shekarun 1960, mai kimanin shekara 2,000. An shuka shi a 2005 ya fito, ya zama bishiya, namiji. Wurin hamada ne ƙayau. Labarin alkamar kabarin Fir'auna da ake cewa ta tsiro kuwa, wannan tatsuniyar masu sayar wa baƙi kaya ce.

Ɗan_Yobe: Ku bar maganar ƙwaya, mu jirgi guda muke da shi. Kwalekwalen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune. Wani Bafulatani ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya, aka fito da shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙa shi daga kututturen itace guda, kuma shekarunsa kimanin 8,000. Bai ƙone ba, ga shi itace, amma bai ruɓe ba. @Ɗan_Kufai wannan kuma fa?

Ɗan_Kufai: Shi laka mai ruwa ce ta rufe shi a zurfin kusan mita 5, iska ba ta shiga, abin da ke ruɓar da itace kuma sai da iska. Hatsarin irinsa yana farawa ne ranar da aka fito da shi, don in ya bushe haka kawai tsattsagewa zai yi, dole a jiƙa shi da magani na tsawon lokaci. To ka ga hanya uku ke nan: wuta, bushewa ƙayau, ko ruwa mara iska. A ƙasarmu ta farkon ce ta fi yawa.

Yar_Jaba: Ni daga yankin da kuke magana nake, kuma akwai abin da ba ku taɓo ba. Tun ina yarinya ake haƙa a dazukanmu, amma ba don gero ba. Dillalai ke zuwa su ba samari kuɗi su tono mutum-mutumin yumɓu na mutanen Nok a fita da su waje. Na ga fili da idona, rami kusa da rami kamar an yi yaƙi, fasassun tukwane warwatse, baƙar ƙasa an watsar gefe ruwa na wanke ta. Yanzu da na karanta bayanin bokitin nan sai na gane abin da ake zubarwa. Kan gunki yana can a falon wani a Turai, abin da zai faɗi shekarunsa da abincin masu shi kuma ya bi ruwa.

Malama_Tarihi: Gaskiya ne 'yar'uwa. Kuma ƙasar Nok tana da tsami, tana cinye ƙashi, don haka ba a samun ƙasusuwan mutane ko na dabbobi da za su ba da labari. Tsiro da tukwane su ne shaidun. A 2021 masana na Jami'ar Bristol da na Frankfurt sun fitar da sakamakon gwajin tsingaro sama da 450 na Nok. Cikin waɗanda aka sami maiƙo a jikinsu, kusan kashi ɗaya cikin uku kakin zuma ne. Mutanen nan suna ɗibar zuma shekara 3,500 da suka wuce, a yankin da har gobe ake kafa amya.

Sarkin_Gardama: Bristol, Frankfurt. Mu namu jami'o'in me suke yi?

Ɗan_Kufai: Akwai sashen wannan ilimi a Zariya da Ibadan da Nsukka da Jos, kuma akwai 'yan ƙasa a cikin haƙe-haƙen da aka yi a nan gida. Gwajin ne ke da tsada, ana biya da kuɗin waje. Ga kuma tsaro: a Fabrairun 2017 an sace Jamusawa biyu daga cikin masu aikin Nok a yankin Kagarko, aka kashe mutum biyu 'yan gari da suka bi sawu, ko da yake su an sako su bayan 'yan kwanaki. Amma rege da bokiti ba ya buƙatar dala. Kufan ƙasar Hausa nawa ne a Kano da Katsina da Kabi da Damagaram da ke jiran a tace ƙasarsu?

Abban_Khalifa: To mutanen Nok ɗin Hausawa ne? Tunda gero da wake suke ci.

Yar_Jaba: Abban Khalifa kar ka fara. Gero ba ya nuna yare. Mu ma muna ci, Barebari na ci, Indiyawa ma an ce suna ci.

Malama_Tarihi: Ta fi ka gaskiya. Sunan Nok ma na ƙauyen da aka fara tsintar kayan ne a 1928 wajen haƙar kuza, ba sunan da mutanen ke kiran kansu ba. Abin da ƙwaya ke iya nunawa shi ne noma da ciniki. Misali a 2024 an ba da rahoton ƙonanniyar alkama da irin auduga daga Ile-Ife, na tsakanin ƙarni na 12 da na 14. Alkama ba ta yi a kurmi, sai wuri mai sanyin hunturu da ban ruwa irin Kadawa. Ke nan ɗauko ta aka yi daga arewa mai nisa aka kai wa manyan Ife.

Hajiyar_Fura: Wato tun lokacin alkama abincin masu hali ce. Har yau alkaki sai biki.

Manomin_Gezawa: Na Nok da aka auna ƙwayar kanta na karɓa. Na Mali mai 4,500 kuma, tunda gurbi ne kawai a jikin tukunya, ƙaiƙayin ya ƙone ya tafi, me aka auna? A nan ban gamsu ba tukuna.

Injiniya_BK: Ba duka ke ƙonewa ba Baba. Tukunyar da aka gasa a fili ba ta gasuwa har ciki, shi ya sa in ta fashe kake ganin tsakiyarta baƙi. Wannan baƙin ragowar ƙaiƙayin ne, shi ake ƙanƙarowa a auna.

Sarkin_Gardama: In kuma yumɓun da kansa yana da tsohon baƙinsa tun daga kududdufi fa?

Bamaraɗe_227: Wagga tambaya ta Sarkin Gardama ta yi ma'ana yau kam. @Ɗan_Kufai muna jiranka. Ni kuma ina son in ji ko ana iya bambanta gero da maiwa in sun ƙone, don wurinmu ba ɗaya ba ne, wata guda da rabi ke tsakanin girbinsu.